Kiɗan da Ke Jira

Wata mata ce zaune kan benci a shagon mai gyaran waya, sanye da fararen takalman ma'aikatan asibiti, abin sauraro a kunne ɗaya. Za ta yi shekara arba'in. Babban yatsanta na buga gwiwa a hankali. Wayarta ce ta cika, take kwashe guntayen kiɗan da ta haɗa zuwa katin ajiya. Ina jin a lokacin hutun aiki take yin su, shi ya sa babu wanda ya kai ƙarshe.

Tana saurarar kowanne kaɗan, tana faɗin sunan da take sa masa: "Mai jiran murya. Mai jiran ranar da nake fushi."

"Anti, duk rabi-rabi ne fa," in ji mai gyara. "Goge su wayar ta huta."

"Kai matattun wayoyin da ka cika akwati da su, ka zubar?"

Ya yi dariya. "Ai waɗannan kayan gyara ne."

"To, nawa ma haka."

Ni kuwa kwamfutar aminina ce a cinyata, Allah ya jiƙansa. Mahaifiyarsa ta ce a share komai a ba ƙanwarsa don karatu. Shi ma guntayen kiɗa ya bari, duk sunansu "gwaji". Mutum ɗaya suke jira, kuma ba zai dawo ba.

Mai gyara ya miƙo hannu. "Yallaɓai, a share duka?"

Na dubi yatsan nan da ke buga gwiwa.

"Kwafe min kiɗan tukuna," na ce. "Kayan gyara ne."