Hoton ƙirjin da ya hana ni hawa jirgi

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na isa Turai lafiya, ban je ko'ina ba. Ina Ƙofar Taramniya, a ɗakin Innata.

Tarin ya fara ne tun ina jigila tsakanin gidana a Arkilla da jami'a. Na ce mura ce. Zobe ya fara yi mini yawa, na ce wahalar rubuce-rubuce ce.

Shekarata talatin da biyar. Tun ina ashirin da tara nake neman gurbin digiri na uku a waje, bara na samu. Abin da ya rage hoton ƙirji na biza kawai.

Likitar ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Malama, tun yaushe kike tari?" Aka karɓi majina. Tarin fuka.

Wallahi abin da na fara tambaya shi ne ko zan iya tafiya haka. Sai a cikin keke na tuna da 'yata Nana, mai shekara shida, da muke kwana gado ɗaya. Har yau ina jin kunyar wannan.

An gwada ta, ba ta ɗauka ba. Ta zauna wajen babanta, ni na koma gidan Inna.

Maganin kyauta ne, amma yana da wuya. Ƙwayoyi kullum kafin karin kumallo, fitsari ja, amai, gaɓoɓi kamar an daka. Wata shida.

Wata rana Inna tana dama mini kunu ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika biɗa can? In kin samo shi, sai ki zamna?"

Na san ba zan zauna ba, wani abin zan sake bi.

Satin jiya gwaji ya nuna na warke. Makarantar da ta ba ni gurbin ta ce in zo baɗi. Na rubuta musu cewa na gode, a ba wani. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma na gaji.

Alhamdu lillahi. Inna, Baban Nana, ma'aikatan asibiti, Allah Ya saka da alheri.

In tari ya wuce sati biyu, ku je a gwada. In an fara magani, kada ku yanke don kun ji sauƙi.

Gobe ni zan kai Nana makaranta. Ta ce in zo in ga ajinsu, ban taɓa shiga ba.