Sunan Jikana da Wata Shidan Soja

Mijin 'yata ta fari malamin lissafi ne a wata sakandare ta wajen Kwangila, har ranar da ya ji ana ɗaukar masu digiri a ba su gajeren horo su fito hafsoshin soja. Ya zo gidana a Tudun Wada bayan la'asar, ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa can ƙarshen zaure kamar ni zan yi masa tambayar kabari.

Ya ce, "Baba, wata shida ne kacal. Kuma da alawus tun daga ranar farko."

Na yi masa addu'a, ban tambaye shi komai ba. Suruki ba ya zama yana tsitsiye mijin 'yarsa a kan albashi da ranar dawowa. Shi ma bai ƙara kalma ba. Muka rabu kowa yana ganin ya cika mutumin kirki.

Abin da ba a faɗa a zaure ba, mai ɗakina ta faɗa mini a tsakar gida: yarinyar tana da cikin wata biyu, kuma na fari ne. Ta lissafa da yatsu. Biyu da shida takwas. Zai dawo da sauran wata guda cur, ya sayi ragonsa, ya zaɓi sunan ɗansa a natse. Ta ce, "Malam, ai malamin lissafi ne, ya san abin da yake yi."

Ashe watan soja ba irin namu ba ne da ake gani a sama. Makonnin da suka yi ana auna musu ƙirji ana leƙa haƙora ba sa cikin lissafi. Na jiran kaki da takalma ma ba sa ciki. Da aka fara ƙirga da gaske sai aka karɓe wayoyinsu, don kada labarin gida ya ɓata musu tarbiyya. Sau ɗaya ya samu ya kira a wata na huɗu, ya ce wa matarsa an ɗan ƙara lokaci kaɗan, alawus kuma yana hanya. Ban san daga wace ƙasa ya taso ba, amma hanyar tana da tsawo.

'Yata ta dawo gabanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar wata Asabar da hantsi Allah Ya sauke ta lafiya, namiji. Uban kuwa an ce suna can cikin daji ana koya musu kwana a rami. Suna ya kama Asabar mai zuwa, kuma babu wanda ya san sunan da za a raɗa. Kafin ya tafi bai faɗa wa danginsa ba. Ɗan fari ne, mutum mai kunya ba ya nuna ya ma san da cikin, balle a ji shi yana zaɓen suna kamar mai zumuɗi.

Mahaifin surukin nawa ya daɗe da rasuwa, sai na taka har Gyallesu wurin baffansa, wanda ya karɓa masa aure.

Ya ce, "Malam, uban yaro yana raye, ni wane ne da zan shiga gabansa?"

Na ce, "Alhaji, yana raye, amma na gwamnati ne."

Ya ce, "To ku da yaron yake hannunku, ku sa mana."

"Mu dangin uwa? A ce mun ci 'ya mun haɗa da jika?"

Muka ɓata rabin yini kowa yana tura wa ɗan'uwansa girma. Ragon ma haka muka yi ta tura shi, sai dai shi ya san inda ya tsaya: a kaina.

Na tuna wani abokin karatuna na makarantar zaure yana limanci a inda ake horar da su. Na rubuta 'yar wasiƙa da ajami, na ba direban da ke bin hanyar. Na ajiye kunya gefe, na rubuta ƙarara: an samu namiji, uwa da ɗa lafiya, a aiko da suna kafin Asabar. Liman ya yi ƙoƙari, Allah Ya saka masa. Ya bi motar da ke kai musu ruwa, ya sami surukin nawa ya rame ya yi baƙi, ya karanta masa. Ranar Alhamis amsa ta iso, layi ɗaya a bayan takardata: "Duk yadda manya suka yi daidai ne."

Mai ɗakina ta sa na maimaita mata. Ta ce, "Wannan ne zai ba mutum ɗari umarni a fagen fama?"

Na aika ta ta tambayi mai jegon ko mijin ya taɓa yi mata wani zance. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa jaririn baya, kamar tsinto shi aka yi a lungu. Uwar ta fito tana yabon tarbiyyar da ta yi.

Asabar bayan asuba aka cika ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Baffan ya matsa kusa da limamin unguwa ya raɗa masa sunan marigayi ɗan'uwansa, kakan yaron. Aka shafa Fatiha, aka yanka rago. Kowa ya ce haka ya dace.

Hafsan namu ya dawo yaro yana koyon zama, da anini biyu a kafaɗa, aljihu kuwa fayau, wai sunansa bai hau na'urar biyan albashi ba tukuna. Ya zo gaisuwa ya durƙusa a inda ya saba. Bai dubi ɗan ba, ban yi masa zancen ba.

Bayan sun koma ɗakinsu da mako biyu mai ɗakina ta kawo mini abinci, ta zauna, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Malam, ashe yarinyar nan ta sani. Tun kafin ya tafi ya faɗa mata, in namiji ne sunanka za a sa."

Na ajiye cokali. "Me ya hana ta faɗa?"

"Ta kama sunan ubanta da bakinta? A kan ɗan fari? Dangin miji su ce ita ta kitsa?"

Na duba, ban ga inda yarinyar ta saɓa wa abin da muka koya mata ba. Mai ɗakina ta ce in kwantar da hankalina, ai ba daga kansa aka rufe haihuwa ba.

Ta biyu da aka haifa mace ce. Ta uku ma haka.