Kan da Ke Tsakiyar Allon Fezile

A Katlehong, wata unguwa kusa da Johannesburg, duk shagon askin da ke cikin kwantena yana da allon kawuna a jikinsa, inda mutum zai nuna irin askin da yake so. Yawancinsu Nokuzola Radebe ce ta zana. Gajeruwa ce mai kaurin hannu, kullum farcenta cike da fenti. Aiki take bi shago-shago da gwangwanayenta a cikin baro. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta zuwa tarukan da ake yi a otal-otal na Johannesburg, inda ake jawabi a kan 'yancin matan da ke son mata da mazan da ke son maza, duk da ita ma cikinsu take. Ta je sau ɗaya, ta sha shayi, ta dawo.

Sauran masu zane daga mujalla suke kwaso fuskoki. Ita kuwa mutanenta take zanawa, rayayyu da waɗanda aka kashe, ta rubuta sunan kowa a ƙasan kansa. In wani ya tsaya ya tambaya, sai ta ba shi labarin mai fuskar, hannunta bai bar aiki ba. Haka samari suka riƙa shiga shago suna cewa a yi musu askin wane, alhali da a hanya suka haɗu da wanen, jifa za su yi masa.

A allon wani mai aski da ake kira Bra Fezile, wato Yaya Fezile, kan da ke tsakiya na Phindile ne: gefe a kwashe, tsaga ɗaya ta bi ta saman kunne. Phindile mai walda ce, ƙawar Nokuzola tun ƙuruciya. An tsinci gawarta a bayan tashar jirgin ƙasa, ba a kama kowa ba. Danginta sun ƙone hotunanta don kunya. Wannan zanen kaɗai ya rage mata a duniya.

Fezile baƙo ne a unguwar, ya ɗauka mai fuskar namiji ne, tunda maza ma suna da sunan. Askin ya karɓu har ya gaji da yinsa. Sai wani direban tasi mai suna Sabelo ya tona masa ko wace ce, ana ta dariya. Fezile ya aika a kira Nokuzola.

Ta zo da rana tsaka riƙe da gwangwanin farin fenti, shagon cike da mutane.

"Sisi, 'yar'uwa, kin cuce ni," in ji Fezile. "Mace kika liƙa mini? 'Yar maɗigo kuma? Shafe ta yanzu."

"Allonka ne, Bhuti, ɗan'uwana." Ta ɓalle murfin, ta miƙa masa buroshi. "Amma ba da hannuna ba. Ga shi."

"To me na kira ki ki yi?"

"Oho. Zan zauna in gani."

Ta kifa bokiti ta zauna. Sabelo, wanda ke jiran layi, ya ce, "Shafa mana, Bra Fezile! Ko kai ma ka shiga ƙungiyarsu ne?"

Nokuzola ba ta dube shi ba. Fezile take yi wa magana, murya ƙasa-ƙasa kamar mai faɗin farashin siminti. Ta ce Phindile ba ta iya dafa ko ruwan zafi ba. Ta ce tana tsoron kaji. Ta ce Phindile ce ta yanka tagar kwantenan nan tun yana hannun wani, tartsatsi ya ƙona mata gira, shi ya sa girar hagu ta fi gajarta a zanen. Ta ce tsagar nan ba ado ba ce, tabon kwalba ne da aka rotsa mata tun kafin ranar da aka ƙarasa ta. Gashi ya ƙi fitowa a wurin, sai ta mai da shi aski.

Wani saurayi ya kai hannu saman kunnensa, ya yi sauri ya sauke.

Fezile ya tsoma buroshin. Ya tsaya gaban allon har fenti ya ɗiga masa a takalmi.

"Kai, mu fa sauri muke," in ji Sabelo.

Fezile ya juyo. "Sabelo, askin wa ke kanka?"

"Wannan daban ne."

"Ni na yi shi, na san na waye. In zan shafe ta, da kanka zan fara. Zauna in yi maka ƙwal-kwabo, mu ga ko matarka za ta gane ka."

Dariya ta ɓarke. Sabelo ya ja tsaki ya fita, wani abokinsa ya bi shi, kuma ba su sake dawowa ba. Fezile ya mayar da buroshin cikin gwangwani, fuska a murtuke.

"Kada ki ɗauka na yarda da rayuwarku," ya ce.

"Ban tambaye ka ba, Bhuti."

Ta tashi ta matsa kusa da allon. Rana ta fara cin harafin ƙarshe na sunan. Ta ɗauko baƙin fenti da ƙaramin buroshi daga baro, ta ce wa masu jira su matsa mata daga haske.