Alif ɗin da Ban Ja Ba

Malaminmu na allo yakan ce mu ji tsoron alif, domin tsayuwarsa ɗaya tana juya magana. Sai da gemuna ya yi fari na ga abin da yake nufi, kuma a kan ƙwallon ƙafa.

Ƙungiyar unguwarmu a Nima ba babba ba ce. Filinmu jar ƙasa ne, raga duk ɗinki. Amma muna da mai lamba bakwai, siririn saurayi ɗan maƙwabcina mahauci, wanda yake buga gefen dama. Idan ya ɗauki ƙwallo yakan bi layi da ita har ka rantse ta fita, alhali ba ta fita ba. Ni ba mai ihu ba ne. Bayan La'asar nake ɗaukar kujerata ta roba in zauna a gefen da yake bugawa, da carbi a hannu. Idan an juya bayan hutu, in ɗauki kujerar in bi shi ɗaya gefen. Shekaru ina haka.

Wata rana ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, ya ce, "Baba Malam, a rubuta mini addu'a in riƙe." Na rubuta masa da ajami a 'yar takarda: Allah ya tsare ka, ya kai ka gaba.

Ba a jima ba ya koma ƙungiyar Mamobi.

Da Turai ya tafi, da na yi sadaka. Da Kumasi ce ma, da na haƙura. Amma Mamobi, unguwar da ke tsallaken babbar kwatar da ta raba mu, mutanen da idan sun ci mu muke jin shewarsu daga tsakar gida.

Ina da aboki tela a can, tare muke zuwa Juma'a. Da muka fito masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mun gode da addu'a. Ta karɓu."



Ya ce, "Ai na san abin da ya faru. Hannunka ne ya zarce, ka ja alif bayan harafin farko. Kai kana nufin gaba ta ci gaba, sai ka rubuta gaba ta ƙiyayya. Ga shi an kai shi wurin abokan gaba."

Na ce, "Alhaji, je ka gyara wuyan rigar da ka ɓata mini. Ban ja alif ba."

Ya yi ta dariya har muka rabu. Ni kuwa maganar ta zauna mini. Har na fara fatan kuskuren nawa ne, don in sami abin zargi.

Ana gobe za mu kara da su, saurayin ya sake zuwa da hantsi. Kafin ya gama gaisuwa na ce ya nuna mini takardar. Ya zaro ta, ta yi laushi da gumi. Na sa tabarau na duba. Babu alif. Abin da na roƙa shi aka ba shi: a can suna da mai horarwa na gaske, kuma masu neman 'yan wasa suna zuwa kallonsu. Wanda aka amsa wa addu'a, wa zai kai wa ƙara?

Ya ce, "Baba, a ƙara mini wata saboda gobe."

Alƙalamin ya yi mini nauyi. Hana shi ba halin malami ba ne, roƙa masa nasara kuwa roƙa mana kunya ne. Na rubuta: Allah ya tsare ƙafarka. Na ajiye alƙalami.

Ya karanta, ya juya bayan takardar, ya ce, "Baba, nasarar fa?"

Na ce, "Telan Mamobi ya rubuta maka."

Washegari na zauna inda na saba. Ta gabana ya riƙa wucewa cikin rigar da ba tamu ba, yana bin layin nan nasa, yaranmu suna binsa a banza. Ya bugo wata daga gefe, aka sa mana ita a raga da ka. Bai yi tsalle ba, sai ya ɗaga mini hannu. Na sunkuyar da kai kan carbi, na rasa inda na tsaya a lissafi.

Da aka busa hutu, ban ankara ba sai na gan ni a bayan raga, kujera a hannu, na nufi ɗaya gefen. 'Yan unguwarmu suna kallona. Daga can telan ya ɗaga murya, "Malam, ƙaraso, akwai wuri."

Na ajiye kujerar a nan bayan raga na zauna. Daga wurin ba a ganin wasan da kyau.