Ɗakin da Ba Dokin Ƙofa

Ranar da Malam Mani magini, mutumin Pauwa ta ƙasar Kankara, ya fara zuwa kwalejin horon malamai, tun hantsi har azahar yana tsaye gaban maigadi, buhun gero a ka, gumi na tsiyaya. Abin da aka tambaye shi bai taka kara ya karya ba: sunan ɗalibin da ya zo gani. To ɗalibin nan Maharazu ne, ɗan farinsa. Dattijon Pauwa kuwa gara a cire masa haƙori da ya ambaci sunan ɗan fari.

"Baba, wa kake nema?" in ji maigadi.

"Yaron nan."

"Yara ɗari shida ne a ciki. Wanne?"

"Na gidanmu."

Maigadi ya ga lallai akwai taɓin hankali, ya zaunar da shi gindin darbejiya, ya ba shi ruwa yana lallashi, ɗalibai suka kewaye suna kallo. Direban motar Kankara da ya kawo shi ya ga komai, labari ya riga Malam Mani isa gida.

Mutumin nan shekara talatin yana gini. Daga Kankara har Sabuwa ba rumbun da ya ɗora ya tsage. Maharazu kuwa shan inna ta kama shi yana shekara uku, ƙafafu suka shanye. Da mai gari ya ce kowane gida a ba da yaro ɗaya boko, Malam Mani ya ba da wanda ba ya iya noma. Ashe ƙwaƙwalwar gidan ya bayar. Da kuɗin man fetur suka ɓarke gwamnati na neman malamai ido rufe, yaro ya ci jarrabawa, har keken guragu aka ba shi.

Bayan azahar ɗin nan Malam Mani ya hango shi. Ɗakin kwanan ɗalibai sabon bene ne, gadon Maharazu a sama. Keke na ɗaure a ƙasa, mai shi na saukowa da hannuwa, littafi a baki, 'yan'uwansa ɗalibai na tsallake shi suna gaggawa. Maginin da ya yi wa kajin mutane akurki ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da suka gaisa Maharazu ya ce, "Baba, ƙarshen zangon nan gida zan dawo, na haƙura da karatun. Banɗaki a ƙasa yake. Sau shida nake hawa a yini."

Malam Mani ya ce, "To." Ya ajiye gero ya juyo. In ma ya je wurin shugaban makaranta, ya ce shi uban wa ne?

Kwana uku bai fita majalisa ba. A na huɗu ya ɗauki magirbi da kwando ya ce an kira shi aiki Faskari. Ƙarya yake. Akwai wani Alhaji Gide, mutumin Faskari mai sayar da hatsi a bakin kwalejin, shi ya roƙa kusurwar gida, ya gyara masa katanga a madadi. Ya kwaɓa ƙasa shi kaɗai, ya ta da ɗaki. Ƙofa mai faɗi kamar ta garke, ba dokin ƙofa ko na yatsa ɗaya, sai ya karkata daɓen waje don ruwan sama ya bi ta gefe. Murhu, randa, ƙusar rataye riga, duk daidai hannun mai zaune. Ya haƙa masai a baya, da turakun riƙewa biyu. Bai gaya wa yaron ba, Alhaji Gide ya bar wa saƙo. Maharazu ya tare, yana dafa shinkafarsa, yana wankinsa, ba mai ɗaukarsa.

Direban nan dai shi ya sake tona asiri. Ranar kasuwa majalisa ta cika, Audi mai shayi ya tare shi.

"Malam, ashe Faskari ta koma bakin kwaleji? An ce har wuya ka shiga laka saboda ɗan fari. Ina kunyar?"

Aka fashe da dariya. Malam Mani ya kurɓi shayinsa, kunnuwa na zafi, ya ce, "Ni ban gina wa ɗan kowa ɗaki ba. Keken gwamnati na ga yana kwana a waje na yi wa wuri. In mai shi ya bi shi ciki, ku tahi ku tambaye shi."