Saƙon Inna da Saƙon Masu Kallon Taurari

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Fatakwal daga Kano, ni da wani abokina mai fataucin albasa da ya san kudu ciki da bai. A jakata akwai ƙullin kuka da daddawa da Inna, mahaifiyata, ta ba ni in kai wa ƙanenta. Kawun nan ya tafi kurmi tun ina goye, ya zauna a Fatakwal, daga baya labarinsa ya yanke. Duk shekara sai ta ba fatake sallahu su kai masa, shiru kake ji. Bana dangi suka matsa a yi masa sadaka a rufe zancen, ita kuwa ta ce ba za ta ci gumbar wanda ba a nuna mata kabarinsa ba. Ga jikinta ya yi rauni, shi ya sa na ɗauki hutu na taho.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma ba mu kai Zariya ba abokina ya fara tsokana. "Malam, ku da kuke neman halittu a duniyar Mars, kawu ɗaya ya gagare ku?" Na gyara zama na yi masa bayani. Taurarin nan kowanne rana ce irin tamu, da yawansu akwai duniyoyi masu kewaya su, yawan da ba ya ƙirguwa. Masana ruwa suke fara nema, don inda ruwa yake rai na iya zama. Sun aika saƙo, sun kasa kunne shekara da shekaru, har yau babu amsa, amma shirun ba ya nufin babu kowa. Ya ce Allah mai iko ne, amma shi gani ya kori ji. Sai ya ƙara da cewa su ma a kudu ruwa suke bi: duk shagon da ka ga buta a ƙofarsa, yi sallama kawai, naka ne.

Hanya ta ba mu wuya, ramuka da shingayen bincike kamar ba za su ƙare ba. A Lokoja muka ci soyayyen kifi mai tsadar da ta sa abokina tambayar mai kifin ko daga Mars aka kamo shi. Washegari muka shiga Fatakwal ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

A kasuwar Mile 3 butar ce kuwa ta kai mu. Muka tarar da dattawa masu sayar da wake da gero, gaisuwarsu doguwa, sai an tambayi gida da gajiya da ruwa kafin a saurare ka. Wani matashi ɗan dako ya sayo mana gasasshiyar ayaba da kifi, ya ƙi karɓar ko sisi. Da ƙyar wani tsoho ya tuna Kawu. Ya ce shagonsa ya ƙone tun da daɗewa, ya koma Anacha.

Kasuwar Head Bridge ta Anacha kam sai wanda ya gani. Mutane da baro da keke, kowa na ihun a ba shi hanya. Mun yini muna tambaya, babu wanda ya san sunan. Har na fara shirya maganar da zan faɗa wa Inna. Abokina ya dube ni ya ce, "Ba kai ka ce shirun sama ba ya nufin babu kowa ba?" Muka ci gaba da tambaya. Gab da la'asar wani mai goro ya ji muna kwatanta tsagen fuskar Kawu, ya ce, "Ai baban Yaya kuke nufi. Ku je Asata a Inugu, ku ce gidan su Yaya."

Inugu ta fi kwanciyar hankali, ga duwatsu ga sanyi. Muka karya da okpa, wani abu mai kama da alala, muka hau keke zuwa Asata. Ni dattijo nake nema, mai farin gemu da bakin Kano. Sai aka nuna mana wani ɗan shago da buta a ƙofarsa, a ciki wata matashiya tana ciniki da Inyamuranci kamar ta gada. Da ta juyo sai na ƙare mata kallo. Fuskar Inna ce sak, har wushiryar.

"Sannunku da zuwa, una welcome," in ji ta, tana haɗa Hausa da Turancin kudu. Na faɗi ko ni wane ne, ta zauna a kan buhu ta fashe da kuka. Kawu ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar 'ya'ya huɗu. Kunyar komawa gida hannu rabbana ce ta riƙe shi. Sunan Inna ya sa wa 'yar farinsa, kuma don ba zai iya kama sunan yayarsa ba yake ce mata Yaya, har maƙwabta Inyamurai suka ɗauka. Ta ce tana ƙarama an taɓa kawo wani ƙullin daddawa daga Kano. Babanta ya daɗe yana shinshinarsa, ya hana a zuba a miya. Na miƙa mata wanda ke jakata, ni ma hawaye ya zubo mini.

Mun dawo Kano lafiya, ina godiya ga Allah da duk wanda ya nuna mana hanya bai san mu ba. Abin da na koya shi ne, mai nema kan ɗauka abin da zai samu kamarsa ɗaya da abin da ke ransa. Na je neman tsoho, na samo dangi masu harshe uku. In akwai halitta a wata duniyar, wataƙila ita ma ba za ta zo da kamar da muke zato ba.

Inna ta yi kukan ƙanenta, ta ce yanzu a yi sadakar. Sannan na kira mata takwararta a waya, suka daɗe, rabi Hausa rabi dariya. Da ta ajiye wayar ta ce, "Mutanen nan naka masu aika saƙo sama, an amsa musu?"

Na ce, "Tukuna, Inna."

Ta share ido da bakin zane. "To, ka ce musu kada su daina aikawa."