Gangar Bashiru da na ɓoye wa Baba

Shekara bakwai ke nan da muka karɓi gaisuwar yayana Bashiru a gidanmu na Aliero a jihar Kebbi, shi kuwa kabarinsa yana can Kanada. Karatun aikin gona ya kai shi, sai ya haɗu da wasu samari uku masu jita, ya zama mai buga musu ganga. Ƙaramar ƙungiya ce, ba wani babban kamfani a bayanta. Su suke ɗaukar waƙoƙinsu da kansu, su loda kaya a tsohuwar mota su bi gari-gari. Faifai uku suka fitar. Da ciwon zuciya ya ɗauke shi, sauran suka ce ba za su nemi wani makaɗi ba, suka watse.

Ni kaɗai na san wannan a gidanmu. Mu manoma ne, kuma a wajenmu kiɗa gado ne, ɗan manomi ba ya rataya ganga ya ce bai zubar wa gidansu mutunci ba. Bashiru ya roƙe ni ba sau ɗaya ba in sa wa Baba ko da waƙa ɗaya ce. Kullum sai in ce masa ya bari a cire albasa tukuna. Aka yi ta cire albasa shekara da shekaru ban sa ba. Tsoro na ji, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Waƙoƙinsu suna nan a waya, mutanen da ba su san inda Kebbi take ba suna ta tambayar wane irin bugu ne wannan. Na san zai yi dariyar nan tasa, don kiɗan gayya ne da muke ji a Karaye idan mun je wajen kakanninmu da damina. Bai canja komai ba, jita kawai suka ɗora a kai.

Bana na tarar da Baba a inuwa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa da lalube, don idanunsa sun yi rauni. Na ajiye waya kusa da shi na kunna. Hannunsa ya tsaya.

"Wanga ai kiɗin noma na," in ji shi. "Wa yak koya ma Turawa shi?"

Na faɗa masa komai. Ya yi ta buga yatsa a gwiwa har waƙar ta ƙare, sannan ya ce in maido ta.

"Yaron yana da hannu," ya ce. "Don mi ba ka sa mani ba tun yana da rai?"

Ƙungiyar ta watse, ban ma san inda gangar take ba. Abin da ya saura shi ne tsoho mai neman a kunna masa ɗansa kowace safiya. Bashiru ya samu abin da ya roƙa, Allah ya jiƙansa. Ni ne na makara, kuma har yanzu ban ba Baba amsa ba.